Takobin Zango da Igwar Tanimun: Yadda Ake Ƙera Makami Mai Asiri a Damagaram

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda tun daga lokacin ya bazu cikin duniya. Mutum huɗu ko biyar ne kan kewaye teburi, kowa ya ari rigar wani jarumi na tatsuniya, ɗaya kuma ya zama jagora, shi ke ba da labari, shi ke raba gardama. Idan jarumi ya kai sara, sai ya jefa wata ƙwaya mai fuska 20, ƴar'uwar ta ludo, lambar da ta fito ita ke faɗin ko saran ya kama ko ya kuskure. Cikin ayyukan jagora akwai ƙago makami mai asiri, takobi ko mashi ko baka wanda babu irinsa a littafin dokoki. Kafin ya miƙa shi ga ɗan wasa, dole ya san sunansa, da wanda ya ƙera shi, da hannuwan da ya bi, da abin da yake ƙara wa mai riƙe da shi. A dokokin da aka buga a 2014, irin wannan takobi yakan ƙara maki 1 zuwa 3 bisa lambar da aka jefa, kuma jarumi ba ya ɗaure ransa da manyan kayan asiri fiye da 3 a lokaci guda. An sa wannan iyaka ne don makamin da ya fi ƙarfin kowa kashe wasa yake yi. In an san ƙarshen faɗa tun ba a fara ba, kowa tashi zai yi ya kama gabansa.

Waɗannan tambayoyi da ake yi don nishaɗi a bakin teburi, mutanen Damagaram sun yi su a ƙarni na 19 da ransu a hannu. Barden da zai fita yaƙin Muniyo ko na ƙasar Kano ba ya ɗaukar takobi don kaifinsa kaɗai. A wurinsa makami ba ya gama ƙiruwa a maƙera. Sai ya bi ta hannun falke, da maƙeri, da baduku, da malami ko boka, daga ƙarshe ya faɗa bakin maroƙi, kowa da abin da yake ɗora masa, gama ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kuma duk ƙarfin da aka ɗora yana tafe da sharaɗi, yana tafe da farashi. Sarkin da ya fi kowa ɗaukar wannan sana'a da gaske shi ne Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya fitar da ita daga kuben mutum guda ya mai da ita sha'anin daula.

A Zango ya kamata a fara. Birni, da gidan sarki tsakanin manyan duwatsu, shi ne mazaunin mulki. Zango kuwa, can arewa da shi, masaukin ayari ne, inda Abzinawan Kel Ewi da Larabawan Gadamas da na Tarabulus ke durƙusar da raƙuma. Hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi ta Gadamas da Gat da Abzin da Damargu, a nan take hutawa kafin ta gangara Kano. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso garin ranar 25 ga Disamba 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu 1853, ya kuma ɗauke shi a matsayin ƙofar da kayan arewa ke shiga ƙasar Sudan. Shi ne ya ƙiyasta cewa ruwan takubba wajen 50,000 ke shiga Kano kowace shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus. Tsirara suke zuwa, ba ƙota ba kube, sai sun iso ƙasar Hausa ake tufatar da su.

Abin sha'awa a nan shi ne abin da ya faru da tambarin da ke jikinsu. Maƙeran Turai kan buga alama a ruwan takobi, kyarkeci a guje, ko zaki, ko jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. A can inda aka buga ta, alamar shaidar gidan ƙira ce, kamar wadda ake bugawa a bakin turmin atamfa. Da ta ƙetare Sahara sai ta sake ma'ana. Abzinawa da Hausawa suka karanta ta a matsayin hatimi, wato alamar da ke ɗauke da ƙarfi a karan kanta, musamman watannin nan biyu da aka sani da dukari. Daga nan maƙeran gida suka shiga buga ta a kan takubban da suka ƙera da hannunsu, har masu bincike irin su Lloyd Cabot Briggs, wanda ya yi rubutu kan takubban Abzinawa a 1965, sai sun zuba ido sosai kafin su raba na Turai da na gida. Mai gaggawa zai ce jabu ne. Amma jabu yana nufin a ruɗi mai saye game da asalin kaya, shi kuwa barde ba sunan wani gari na Jamus ya zo saye ba. Watan yake so a jikin takobinsa, ko wa ya buga shi.

Daga hannun falke sai maƙera. Maƙeran baƙi su ne ma'abota ƙarfe, su ke narka tama, su ke fitar da fartanya da gatari a lokacin zaman lafiya, da kibiya da mashi da asigiri a lokacin yaƙi. Maƙeran fari kuma tagulla da azurfa suke aiki, su ke yi wa ƙota ado. Hausawa ba su taɓa ɗaukar maƙeri a matsayin mai sana'a kawai ba. Mutumin da ke wasa da jan ƙarfe a gaban taro, ya kama shi da hannu, ana ganin yana da wata yarjejeniya da wuta wadda ya gada kaka da kakanni. Ba banza ba ne tarihin baka ya bi da Bayajida ta Gaya, wurin maƙera, kafin ya kai shi bakin rijiyar Kusugu a Daura. Ko jarumin da ya taso daga Bagadaza, sai da maƙeran ƙasa suka ba shi abin da zai sare maciji. Bayan maƙeri sai baduku, kuma Damagaram ta yi suna a aikin fata. Shi ke ɗinka kube, shi ke naɗe ƙota, shi ne kuma ke rufe laya cikin jan fata ya ɗinke bakinta. Nasa aikin ke nan: ya ɗinke abin da ba a ba shi izinin karantawa ba.

Abin da ke cikin layar daga zauren malami yake fitowa. Wani lokaci ayoyi ne, wani lokaci sunayen Allah ko na mala'iku, sau da yawa kuma hatimi ne, gidaje gidaje cike da lambobi ko haruffa. Mafi shahara shi ne mai gida 9, wanda aka jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. A kusurwoyinsa huɗu akwai 2 da 4 da 6 da 8, waɗanda a lissafin abajada su ne haruffan ba da dal da waw da ha, shi ya sa Larabawa ke kiransa buduh. Da alama daga nan Hausa ta samo kalmar baduhu, maganin da ake cewa yana rufe idon maƙiyi, sai kunnen Bahaushe ya ji duhu a ciki ya ga ta zauna daidai. Wannan ilimi ba na ƴan tsibbun ƙauye kaɗai ba ne. Muhammadu al-Katsinawi, malamin da ya bar ƙasar Katsina ya je aikin hajji ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu gidaje mara, kuma masana tarihin lissafi suna karanta shi har yau a matsayin aikin lissafi na gaske. Saboda haka, ɗaure ƙarfin makami da lamba ba ƴan wasan Amurka ne suka fara shi ba.

Sai dai idan aka dubi sunayen magungunan yaƙi na Hausa, za a ga wani bambanci babba tsakaninsu da na tatsuniyar Turai. Kau-da-bara na sa harbin maƙiyi ya kauce. Sagau na sandarar da hannun da ya ɗaga makami. Layar zana da baduhu na ɓoye mutum. Maganin ƙarfe, wanda ƴan tauri ke baje kolinsa a dandali har gobe, na hana wuƙa cin jiki. Kusan dukkansu kariya ne, kuma aikinsu a kan makamin abokin gaba yake, ko a jikin mai su. Da wuya a ji maganin da aka sha don takobi ya ƙara kaifi. Idan maganar kisa ce, ƴan baka sun san abin da suke dogara da shi, wato dafin ƙwanƙwani da ake shafa wa kibiya, wanda ke tsayar da zuciya. Wannan ba ya bukatar imanin kowa, har likitocin Turai sun tsamo maganin ciwon zuciya daga ƴaƴan irin wannan tsiro a ƙarshen ƙarni na 19. Abin da hannu zai iya tabbatarwa an bar wa hannu. Abin da babu hannun da ke iya lamuncewa, wato mutum ya je daga ya komo gida, shi aka miƙa wa laya.

Malamai ba su taɓa haɗa baki a kan wannan ba. Masu jihadin 1804 sun zargi sarakunan Hausa da na Borno da gauraya Musulunci da tsafi, kuma wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi a kan wannan gaɓa suka juya. Matsayin al-Kanemi shi ne irin waɗannan ayyuka saɓo ne, ba su fitar da mai su daga addini, balle su halatta yaƙarsa. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, Borno take kai wa gaisuwa, kuma a fadarta malamin Alƙur'ani da mai maganin gargajiya sun daɗe suna shiga ta ƙofa ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin mafarauta ko ƴan tauri ya san ba a ba da magani haka siddan. Yana zuwa da sharaɗi: kada a kusanci mace daren fita, kada a ci naman dabba kaza, kada a shiga makewayi da shi, kada a faɗa wa kowa inda yake. Kuma kowane magani da makarinsa. Labaran sarauta cike suke da wannan. A Katsina ana ba da labarin Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, wanda ba a kayar da shi a kokawa saboda asirin da ke jikinsa, har sai da Korau ya bi ta hannun matarsa aka raba shi da shi, sannan ya kayar da shi a gindin tsamiya ya yanka shi. A Kano akwai Dirki, abin da aka naɗe da fatu bisa fatu ana yi masa yanka, wanda tarihin sarakunan Kano ya ce Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya sa aka sassare shi da gatari sai aka iske Alƙur'ani a ciki, mutane kuma suka yi masa albishir da cewa yadda ya fitar da shi haka za a fitar da shi daga ƙasar. A 1807 sarautarsa ta ƙare. A duka labaran biyu ƙarfin yana cikin rufi ne, ranar da aka buɗe ranar ya tashi aiki.

Ɗaliban da suka karanta waƙar Roland a ajin Faransanci za su tuna cewa Turawan da ma haka suke. Takobinsa Durandal a cikin ƙotarsa aka ɓoye haƙorin wani waliyyi, da jinin wani, da gashin wani, da ƙyallen tufar Maryamu. Laya ke nan, sai dai an rufe ta da zinariya maimakon jan fata. Kuma ba ta hana mai ita mutuwa a mashigin dutse ba.

Sharaɗi yana da amfani fiye da ɗaya. Yana horar da mayaƙi, domin wanda aka hana shi mace da wasu abinci kafin yaƙi ya riga ya shiga halin yaƙi tun yana gida. Yana kuma kare sunan maganin, kuma a nan ne mai hankali zai ɗan yi murmushi. Idan barde ya komo lafiya, laya ta yi aiki. Idan aka kawo gawarsa, ya karya sharaɗi, ko an sami makarinsa, ko kuwa kwana ne ya ƙare, wanda ba shi da magani. Ta kowace fuska malamin bai yi ƙarya ba. Duk da haka ba daidai ba ne a ce abin bai taɓa yin komai ba. A yaƙin doki da mashi, rundunar da ta fara juya baya ita ake karkashewa, kuma mutumin da ya gaskata cewa ƙarfe ba ya cinsa yakan daɗe bai juya ba. Wannan ɗan jinkirin sau da yawa shi ne nasara.

Hannu na ƙarshe shi ne na maroƙi, mai ba makami suna da kirari. Takobin Korau sunansa Gajere, yana nan cikin kayan sarautar Katsina da rubutun Larabci a jikinsa, tare da wani da ake kira Bebe, wanda ake cewa ganima ce daga Gobirawa. Takobin da ke da suna ya daina zama kayan kasuwa, ya zama shaidar mulki, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gida. Kirari kuma yana riga shi isa fagen fama.

Tanimun ya gaji duk wannan. Bayan doguwar jayayya da ɗan'uwansa Ibrahim a kan gadon ubansu, ya zauna daram daga wajen 1854 har rasuwarsa a 1884. Farkon abin da ya yi wa asiri shi ne garin kansa. A wajen 1856 ya kewaye Birni da ganuwa wadda tsayinta ya kai kusan mita 10, kuma ruwayar da ake bayarwa a Damagaram har yau ita ce, bisa shawarar masu duba, an binne Alƙur'anai da ƴan mata cikin ginin don kada garin ya ciwu. Ruwaya ce ta baka, amma tana nuna yadda mutane suka fahimci aikin. Ganuwa ita ce fatar, abin da aka rufe a ciki shi ne rubutun, birni duka ya zama laya guda. Tana kuma nuna sun san cewa irin wannan kariya da rai ake biyanta, kuma ba ran sarki ba.

Na biyu shi ne wuta. Bindiga ba baƙuwa ba ce a yankin. Mai Idris Aloma na Borno yana da ƴan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16, kuma a shekarun 1820 wani kafinta Bature da ke cikin tawagar Denham da Clapperton ya yi wa Shehu al-Kanemi karusan ɗora igwa biyu. Abin da Tanimun ya yi dabam shi ne yawa, da kuma ƙira a gida. Masana tarihin da suka bi diddigin zamaninsa, irin su André Salifou da Roberta Dunbar da Joseph Smaldone, sun nuna daular da ta kafa masana'antar yaƙi tata, kuma adadin da ake kawowa shi ne bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40. A garin ake haɗa albarushi, a garin ake zuba igwa da tagulla. Babu wani sarki a ƙasar Hausa a wancan zamani da ya tara irin wannan. Akasarin ƴan bindigar bayin sarki ne, mutanen da ba su da dangi a fada, ba su da mai gida sai shi. Da haka ya rage dogaro ga manyan masu doki, waɗanda kowannensu ke da nasa takobi, da nasa malami, da nasa buri.

Zubin igwa ba ƙaramin aiki ba ne. Mai zubin tagulla da ya saba da mundaye da likkafa yana narka abin da bai fi cikin tafi ba. Igwa kuwa tana son a narka tagulla mai yawa a lokaci guda, a zuba ta cikin ƙirar yumɓu ba tare da tsayawa ba, ramin tsakiya kuma ya tafi sak. In iska ta maƙale cikin zubin, ta bar kogon da ido ba ya gani, ranar da aka cika ɗuri a nan za ta tsage, kuma wanda ke tsaye kusa da ita shi za ta fara ci. Albarushi ma haka yake. Gawayi ne da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, kuma idan gishirin bai tacu ba sai ƙara da hayaƙi su fi turi yawa. Ga nauyi, a ƙasar rairayi da ba ta da hanyar karusa. Saboda haka masu nazarin yaƙe-yaƙen yankin ba su ba igwar wani babban matsayi wajen kisa ba.

To, mene ne amfaninta? Muryarta. Dokin da bai taɓa jin irin wannan tsawa ba ba ya tsayawa, mutanen ƙauyen da ke bayan shingen ƙaya su ma haka. Labari kuma ya fi harsashi nisa. Ayarin da ya tashi daga Zango ya kai shi Kano da Kukawa da Agadas cewa Sarkin Damagaram yana da abin da ke aman wuta, kuma a gidansa ake ƙera shi. Garuruwa da yawa sun gwammace su kai gaisuwa da su gwada. Idan aka auna ta da ma'aunin da ya gabata, igwar Tanimun ta fi kusa da sagau fiye da dafi: aikinta ta sandarar da hannun maƙiyi tun bai ɗaga ba. Da ita da dawakinsa ya shimfiɗa ikonsa a kan Muniyo da ƙananan sarautun Sosebaki, har Borno da yake bi da suna ta koma tana kallonsa da ido ɗaya a buɗe.

Farashin fa? Bindiga da tagulla da farar wuta kayan fatake ne, kuma ba da gero ake biyan fatake ba. Ana biyansu da fatu da gashin jimina, amma sama da kome da mutane. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a garin a farkon 1851, zamanin Ibrahim, ya ga yadda sarki ke fita hari don ya sami bayin da zai biya bashin attajirai. A zamanin Tanimun wannan dabaibayi ya ƙara ɗaurewa, hari ya kawo bayi, bayi su kawo bindiga, bindiga ta kawo hari. Wasu aka kora arewa ta hanyar da takubba suka zo, wasu aka zaunar a gandaye, wasu aka miƙa musu bindigar da aka saya da ƴan'uwansu. Duk wanda zai yi alfahari da igwa 40, wajibi ne ya riƙe wannan lissafi a ɗaya hannun.

Gwajin ya zo shekara 15 bayan rasuwarsa. Ɗansa Amadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya gaji rumbun makaman, ya kuma yi amfani da shi, ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu har Gezawa. Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe kaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa Olive a Damagaram. Shekara ta zagayo sai ga rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta yi kisan Birnin Ƙonni. Shugabannin biyu sun mutu a hannun sojojinsu a tsakiyar Yuli 1899, a ƙasar Tasawa, amma rundunar ba ta watse ba. Laftanan Pallier ya ja ta gaba, a ƙarshen watan kuma suka haɗu da mayaƙan Damagaram a Tirmini, yamma da gari.

Nasara sun zo da igwa guda mai bakin milimita 80, da bindigogi masu ɗuri ta baya waɗanda ke da tsagi a cikin bututu. Kafin ɗan bindigar sarki ya zuba albarushi ta baki, ya tura harsashi, ya danna da sanda, sojan da ke fuskantarsa ya harba sau da yawa, daga nisan da bindigar gida ba ta kaiwa. Ga su kuma a jere, suna harbi da umarni, ba wanda ya san kirarin wani balle ya ji tsoronsa. Jinkirin juya baya, wanda a da shi ne ribar laya, a ranar ya zama asara, domin wanda ya fi daɗewa a fili shi harsashi ya fi samu. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Rundunar ta karye, sarki ya fice, Nasara suka shiga Birni ba tare da sun fasa ganuwar da aka yi wa asiri ba. A watan Satumba aka kashe Amadu. Ba Damagaram kaɗai ta sha wannan ba. Tsakanin 1905 da 1907, a Tanganyika, mabiyan Kinjikitile sun tunkari bindigogin Jamus da ruwan da aka ce zai mai da harsashi ruwa.

Abin da ya biyo baya an san shi. A 1906 Faransawa suka ce sun gano makirci, suka tuɓe Amadu ɗan Basa suka kai shi Kwaddibuwa, aka tafi da wasu manya ciki har da Malam Yaro, babban attajirin Zango. Sarautar ba ta komo gidanta ba sai 1923. Garin ya zama babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, ganuwa ta zube sai kufai nan da can, jirgin ƙasan da ya iso Kano ya kashe ayarin Tarabulus. Barikin da aka gina bisa dutse da sunan Cazemajou daga baya ya koma sunan Tanimun. Takobi ya zama kayan hawan salla.

Makamin dai ya sami wani mazauni. André Salifou ya mai da Tanimun wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1970. Tun kafin nan ma samarin Damagaram na da wasan kara, inda kowa ke ɗaukar matsayin wani babba, wannan sarki, wancan gwamna, wancan soja, da kayan aikin da aka sassaƙa daga karan hatsi, a yi ta kwaikwayon masu mulki a gabansu. Saboda haka zama cikin rigar wani a bi ƙa'idar wasa ba baƙon abu ba ne ga ɗan garin.

Idan wata rana wani saurayi a Zango ya zama jagoran wasan teburi, ya tashi ƙago makaminsa, ba ya bukatar aron takobin wani sarkin Ingila. A takardarsa zai iya rubuta ruwan takobi da ya ƙetaro hamada tsirara, da wata biyu a jikinsa, ɗaya bugun Jamus, ɗaya bugun maƙerin unguwa. A ƙota akwai hatimi mai gida 9 wanda baduku ya ɗinke bai karanta ba. Ba ya ƙara wa saran mai shi kome, daga jifan maƙiyi yake ragewa. Sharaɗinsa kada a zare shi a mayar kube a gaban mace, kada kuma mai shi ya faɗi sunan malamin da ya rubuta. Duk wanda ya farke ɗinkin ya karanta, takobin ya koma ƙarfe kamar kowane ƙarfe. A ƙasan takardar kuma ya rubuta yawan mutanen da aka bayar kafin a sauke shi daga raƙumi, da sunan ƙauyensu, domin jikokinsu na iya fitowa cikin labarin su nemi mai riƙe da shi. Ko maki 2 zai rage wa maƙiyi ko 3, da kuma ko zai yi aiki a kan harsashi, wannan shi da ƴan wasansa za su yi ta gardama a kai.